Yadda Ake Tantance Babbar Lamba, Daga Rarrabe Ta Har Zuwa Gano Rukuninta

Idan aka ajiye wa mutum lamba mai alƙaluma shida ko bakwai aka ce ya faɗi halayenta, yawanci sai ya ƙura mata ido, ya ce cika ce ko mara, daga nan kuma ya tsaya cik. Na daɗe ina wannan aiki, a takarda da kuma a kwamfuta, kuma abin da na gane shi ne kusan duk wata tambaya mai nauyi da za a yi a kan lamba tana samun amsa ne daga wuri guda, wato daga rarrabe ta zuwa lambobin firam da suka haɗu suka gina ta. Wanda ya yi wannan rarrabewa daidai ya gama kashi mafi wuya, abin da ya rage masa karantawa ne kawai. Lambar da za mu yi aiki da ita tun daga farko har kusan ƙarshe ita ce 508,536.

Kalmomi biyu ne kawai ya kamata a daidaita kafin a fara. Lambar firam ita ce wadda ta fi 1 kuma babu mai raba ta ba tare da saura ba sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7 da 11. Wadda ta fi 1 amma ba firam ba ce ana kiranta haɗaɗɗiyar lamba, domin an same ta ne ta hanyar ninka wasu ƙananan lambobi. Ita 1 ba ta cikin kowane ɓangare, kuma masu koyo da yawa suna tuntuɓe a nan. Kowace haɗaɗɗiyar lamba tana da hanya ɗaya tak ta rarrabuwa zuwa firam, ko ta ina aka fara, shi ya sa mutum biyu da suka yi aikin daidai ba za su taɓa samun amsa daban ba.

Kayan aiki

Kana buƙatar takarda mai layi ko mai gidan dara, fensir da magogi, domin za a yi kuskure kuma biro ba ya gyaruwa. Kana buƙatar kalkuleta, ko da ta cikin waya ce, sai dai ka san yawan alƙaluman da take iya ɗauka tun kafin ka dogara da ita. Abu na uku, wanda na fi ba shi muhimmanci, shi ne jerin lambobin firam. Guda 25 ne a ƙasa da 100, guda 168 kuma a ƙasa da 1,000, kuma wannan jeri na biyu ya isa a gwada duk wata lamba da ba ta kai miliyan ɗaya ba.

Idan ba ka da jerin, haɗa shi da kanka ta hanyar tankaɗen da ake dangantawa da Eratostenis, masanin Girka na ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa. Rubuta lambobi daga 2 zuwa 100, ka bar 2 ka soke duk ninkinta, ka bar 3 ka soke duk ninkinta, ka yi haka da 5 da 7. Duk abin da ya tsira firam ne. Ka lura da 91, domin tana da kamar firam a ido alhali 7 sau 13 ce, kuma na sha ganin ta ta sulale cikin jerin mutanen da suka haɗa shi da ka.

Mataki na 1: Rubuta lambar da kyau

Rubuta ta a saman takarda da manyan alƙaluma, ka raba su uku-uku daga dama da waƙafi, sannan ka karanta ta da baki: dubu ɗari biyar da takwas da ɗari biyar da talatin da shida. Kwatanta abin da ka rubuta da inda ka kwafo shi sau biyu. Na taɓa ɓata fiye da awa guda ina rarrabe wata lamba da na juya alƙaluma biyu na tsakiyarta wajen kwafa, kuma babu wani mataki na gaba da zai tona irin wannan kuskure, domin lambar da ba daidai ba ita ma tana rarrabuwa lafiya lau.

Mataki na 2: Gwajin ido kafin a taɓa kalkuleta

Fara da ƙarshen lambar. Ta ƙare da 6, saboda haka cika ce, 2 tana raba ta, 5 kuwa ba ta raba ta tunda ba ta ƙare da 0 ko 5 ba. Alƙaluma biyu na ƙarshe su ne 36, kuma 4 tana raba 36, don haka tana raba lambar gaba ɗaya. Uku na ƙarshe su ne 536, wato 8 sau 67, saboda haka 8 ma ta shiga. Huɗu na ƙarshe, 8,536, idan aka raba su da 16 ana samun saura 8, kenan a nan 2 ta tsaya, sau uku kawai take cikin lambar.

Sai ka tara alƙaluman: 5 + 0 + 8 + 5 + 3 + 6 = 27. Tunda 3 da 9 suna raba 27, to suna raba lambar. A nan akwai tarko, kuma na zaɓi wannan lamba ne har da saboda shi. Ganin jimillar ta zama 27 yana sa mai koyo ya ɗauka 27 ma tana raba ta, alhali dokar tara alƙaluma a kan 3 da 9 kawai take aiki. Idan ka raba 508,536 da 27 za ka samu saura 18.

Ga 7 da 11 da 13 akwai dabara guda da ke gwada su a tare, kuma dalilinta shi ne 7 sau 11 sau 13 daidai yake da 1,001. Ɗauki rukunin alƙaluma uku-uku daga dama, ka riƙa debewa da tarawa bi da bi. A tamu rukuni biyu ne kawai, saboda haka 536 a debe 508, saura 28. Duk wadda ta raba 28 a cikin ukun nan tana raba lambar, wadda ba ta raba ta ba kuma ba ta raba lambar. Kenan 7 ta shiga, 11 da 13 ba su shiga ba, kuma duk wannan ba a yi doguwar rabawa ko ɗaya ba.

Mataki na 3: Rarrabewa

Ja layi a tsaye, ka sa lambar a dama, mai raba ta a hagu, ka riƙa sauka. Fara da ƙaramar firam, kada ka bar ta sai ta daina shiga.

508,536 ÷ 2 = 254,268
254,268 ÷ 2 = 127,134
127,134 ÷ 2 = 63,567
63,567 ÷ 3 = 21,189
21,189 ÷ 3 = 7,063
7,063 ÷ 7 = 1,009

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a raba da firam sau ɗaya a wuce zuwa ta gaba. Duk lissafin da zai biyo baya ya dogara ne a kan sau nawa kowace firam ta maimaita kanta, don haka bayan kowace rabawa sake gwada wannan firam ɗin a kan sabon sakamakon. Idan kana sauri, babu laifi ka raba da 72 kai tsaye tunda gwajin ido ya riga ya nuna maka 8 da 9, amma ka rubuta a gefe cewa 72 ɗin nan 2 ce sau uku da 3 sau biyu.

Mataki na 4: Tabbatar da abin da ya saura

Yanzu 1,009 ce a hannunmu, kuma nan ne aikin yake neman haƙuri. Ba za a ce firam ce don kawai ta yi kama da firam ba. Sai dai kuma ba sai an gwada duk lambobin da ke ƙasa da ita ba. Idan lamba ta rabu gida biyu, dole ɗaya daga cikin masu ninkawar bai wuce tushen murabba'inta ba, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da ita. Tunda 31 sau 31 shi ne 961, 32 sau 32 kuma 1,024, gwajinmu zai tsaya a 31.

An riga an gama da 2 da 3 da 5. Sake gwada 7, saura 1. Mun san 11 da 13 ba su raba babbar lambar ba, saboda haka ba za su raba wani ɓangarenta ba. Da 17 saura 6, da 19 saura 2, da 23 saura 20, da 29 saura 23, da 31 saura 17. Babu wadda ta shiga, kenan 1,009 firam ce, kuma ita ce mafi ƙanƙanta a cikin firam masu alƙaluma huɗu. Rubuta saurar kowace rabawa, kada ka wadatu da alamar ta shiga ko ba ta shiga ba, domin idan ka dawo bincike gobe saurar ce za ta nuna maka ko ka yi rabawar da gaske.

Wani lokaci abin da ya saura yakan zama ninkin firam biyu manya da ke kusa da juna, kuma bin jeri ɗaya bayan ɗaya zai gajiyar da kai kafin ka kai gare su. A irin wannan hali akwai hanyar Pierre de Fermat, masanin Faransa na ƙarni na 17. Ɗauki 8,051. Murabba'i na farko da ya fi ta shi ne 90 sau 90, wato 8,100, kuma bambancinsu 49 ne, wanda shi ma murabba'in 7 ne. Saboda haka 8,051 daidai take da 83 sau 97, wato 90 a debe 7 da kuma 90 a ƙara 7. Idan bambancin bai zama murabba'i ba, sai ka gwada 91, sannan 92, haka har ya faɗa. Hanyar tana da sauri idan masu ninkawar suna kusa, tana da jan ƙafa ƙwarai idan suna nesa da juna.

Akwai kuma gwajin gaggawa da wasu manhajoji ke amfani da shi, wanda ke cewa lamba "mai yiwuwa firam ce". Ka ɗauki kalmar yiwuwa da gaske. Lambar 341 tana tsallake irin wannan gwaji idan an yi shi da 2, alhali 11 sau 31 ce, ita kuwa 561, wadda take 3 sau 11 sau 17, tana tsallake shi da kowace lamba da ba ta haɗa mai rabawa da ita ba.

Mataki na 5: Mayar da ita yadda take

Rubuta sakamakon a layi ɗaya: 508,536 = 2³ × 3² × 7 × 1,009. Ninka su ka gani: 8 sau 9 shi ne 72, sau 7 ya zama 504, sau 1,009 ya dawo 508,536. Kada ka wuce wannan mataki ko da ka tabbata.

Mataki na 6: Yawan masu raba ta, jimillarsu, da rukuninta

Ba sai ka jera masu raba lambar ɗaya bayan ɗaya ba kafin ka san yawansu. Ƙara 1 a kan yawan maimaituwar kowace firam, sannan ka ninka: 4 × 3 × 2 × 2 = 48. Dalilin ƙara ɗayan shi ne, wajen gina kowane mai rabawa kana da zaɓin ka ɗauki 2 sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ko ka bar ta gaba ɗaya, wato zaɓi huɗu. Masu mantawa da 7 da 1,009 don ba a rubuta ƙaramin alƙalami a kansu ba suna samun 12, wanda ba daidai ba ne, domin maimaituwarsu ɗaya ce, ba sifili ba.

Jimillar masu rabawar ma haka take fitowa. Ga kowace firam, tara daga 1 har zuwa matakinta na ƙarshe: 1 + 2 + 4 + 8 = 15, sai 1 + 3 + 9 = 13, sai 1 + 7 = 8, sai 1 + 1,009 = 1,010. Ninka huɗun, za ka samu 1,575,600. Wannan jimilla ta haɗa da lambar kanta, don haka debe 508,536, saura 1,067,064.

Da wannan ake sa lamba a ɗaya daga cikin rukuni uku da masanin lissafi Nikomakus ya bayyana wajen shekara ta 100 miladiyya. Idan jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, ta yi daidai da ita, kammalalliya ce, kamar 6 da 28 da 496 da 8,128, kuma ta biyar sai an kai 33,550,336. Idan jimillar ta gaza, lambar mai gibi ce, kuma duk firam a nan suke tunda 1 kaɗai suke da ita. Idan ta zarce, mai yalwa ce. Tamu ta zarce har fiye da ninki biyu, saboda haka mai yalwa ce ƙwarai.

Da wannan rukuni kaɗai ake tambaya, da ba sai an yi duk wannan lissafi ba. Duk lambar da 6 ke rabawa, in dai ta fi 6, mai yalwa ce, domin rabinta da sulusinta da sudusinta kaɗai sun cika ta: 254,268 + 169,512 + 84,756 = 508,536, ga kuma 1 da sauran masu rabawa a kai. Sai dai kada wannan ya sa ka ɗauka yalwa ta lambobin cika ce kaɗai. Akwai masu yalwa a cikin mara, ta farkonsu ita ce 945. Kammalalliya a cikin mara kuwa har yau ba a samu ko ɗaya ba, kuma ba a tabbatar da cewa babu ita ba. Idan jimillar masu raba wata lamba, ban da ita kanta, ta ba da ta biyu, jimillar masu raba ta biyun kuma ta dawo da ta farko, ana kiransu aminan juna, kamar 220 da 284, waɗanda Sabit bin Ƙurra ya yi nazarin irinsu a Bagadaza a ƙarni na 9.

Mataki na 7: Lambobin da ba su haɗa komai da ita ba

Wannan shi ne adadin da ake dangantawa da Leonhard Euler, masanin Switzerland na ƙarni na 18, wato yawan lambobi daga 1 zuwa lambarka da ba su da wani mai rabawa na tarayya da ita sai 1. Ga kowace firam, debe 1 daga gare ta, ka ninka da ita kanta sau ɗaya ƙasa da maimaituwarta. Daga 2³ ana samun 4, daga 3² ana samun 6, daga 7 ana samun 6, daga 1,009 ana samun 1,008. Ninkinsu shi ne 145,152. Wannan adadi yana cikin ginshiƙan tsarin RSA na kulle saƙonni a intanet.

Mataki na 8: Siffar lambar

Shin murabba'i ce? Gwajin ido na cewa murabba'i ba ya ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8, kuma idan aka yi ta tara alƙalumansa har ya zama alƙalami ɗaya, sai an samu 1, 4, 7 ko 9. Tamu ta ƙare da 36, tarin alƙalumanta kuma ya sauka a 9, wato ta tsallake duka biyun, amma duk da haka ba murabba'i ba ce. Irin waɗannan gwaje-gwaje kora kawai suke iya yi, ba sa tabbatarwa. Hukuncin yana cikin rarrabewar: kafin lamba ta zama murabba'i dole maimaituwar kowace firam ta zama cika, mu kuwa muna da 3 da 1 da 1. Tana zaune ne tsakanin murabba'in 713, wato 508,369, da na 714, wato 509,796.

Haka nan ba za a iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'i biyu ba. Dokar ita ce, duk firam da ke barin saura 3 idan an raba ta da 4, kamar 3 da 7 da 11, dole maimaituwarta ta zama cika. Ita 3 ta zo sau biyu, babu matsala, amma 7 sau ɗaya ta zo, ita ce ta hana.

Gwajin da na fi jin daɗinsa shi ne na lambar alwatika, wato wadda ake samu idan aka tara 1 da 2 da 3 a jere har zuwa wani wuri, kamar 3 da 6 da 10 da 15. Ninka lambarka da 8 ka ƙara 1, idan sakamakon murabba'i ne to alwatika ce. A nan 508,536 sau 8 shi ne 4,068,288, da ƙarin ɗaya ya zama 4,068,289, kuma wannan shi ne 2,017 sau 2,017 cif. Debe 1 daga 2,017 ka raba biyu, za ka samu 1,008. Ma'ana, idan ka tara duk lambobi daga 1 har zuwa 1,008, jimillar ita ce 508,536. Mai ido zai iya hango wannan tun a mataki na 5, inda muka ga 504 sau 1,009, domin 504 rabin 1,008 ce, maƙwabciyar 1,009.

Mataki na 9: Abin da ya danganci yadda ake rubuta ta

Wasu rukunan ba halin lambar ba ne, halin rubutunta ne a tsarin goma-goma, kuma ni a ƙarshen takarda nake ajiye su. Ba ta karantuwa iri ɗaya daga hagu da dama. Ba ta cikin lambobin Harshad, sunan da D. R. Kaprekar na Indiya ya ba lambobin da jimillar alƙalumansu ke raba su, tunda mun ga 27 ba ta shiga. A tsarin sifili da ɗaya na kwamfuta ana rubuta ta 1111100001001111000, kuma sifili ukun da ke ƙarshe su ne 2 ɗin nan da ta zo sau uku, don haka ko wannan ma wata hanya ce ta duba aikinka.

Mataki na 10: Idan lambar ta fi ƙarfin kalkuleta

Ƙananan kalkuleta da yawa alƙaluma takwas kawai suke ɗauka, manhajar Excel kuma alƙaluma 15 take riƙewa, duk abin da ya wuce haka sai ta mayar da shi sifili ba tare da ta yi maka gargaɗi ba. Idan kana da kwamfuta, yi amfani da abin da ke riƙe cikakkiyar lamba komai tsawonta, kamar harshen shirya manhaja na Python. Ka kuma yi hattara da amsar da ta fito da ɗigo da jerin sifili, domin mai yiwuwa an yanke wutsiyarta ne, saura ita ce abin tambaya.

Idan babu kwamfuta, raba lambar gunduwa-gunduwa daga hagu. Fermat ya yi zaton 4,294,967,297 firam ce, sai a 1732 Euler ya nuna cewa 641 tana raba ta, kuma kai ma za ka iya gani da ƙaramar kalkuleta. Ɗauki 4,294 ka raba da 641, ta shiga sau 6, saura 448. Manna rukuni na gaba a bayan saurar, ya zama 448,967, ta shiga sau 700, saura 267. Manna na ƙarshe, ya zama 267,297, ta shiga sau 417, babu saura. Jera sakamakon uku a yadda suka fito, za ka samu 6,700,417, wadda ita ma firam ce. Abin kiyayewa a nan shi ne, ban da rukunin farko, kowane sakamako dole ya cika alƙaluma uku, saboda haka idan rabawa ta ba ka 52 sai ka rubuta 052, idan ta ba ka 7 ka rubuta 007, in ba haka ba amsar za ta gajarce kuma ninkawar da za ka yi don dubawa ba za ta dawo da lambarka ba.